Gasar da Aka Haifa Bayan Yaƙi: Abin da Sudan Za Ta Duba a Bikin Wasannin Najeriya

A shekarar 1973, shekara uku da ajiye bindiga a yaƙin basasar Najeriya, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta gayyaci jihohin ƙasar 12 zuwa Legas, kowace ta zo da 'yan tserenta da 'yan dambenta da 'yan ƙwallonta. A sabon filin wasa na ƙasa da ke Surulere aka yi taron, filin da a watan Janairu na shekarar ya karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu. Daga nan Bikin Wasanni na Ƙasa ya samo asali, kuma har yau ana yinsa, ko da yake ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Bahaushen Sudan, mutumin Abu Hujar ko Maiwurno ko ƙauyukan Jazira, zai iya cewa ina ruwansa da tarihin wata gasa a ƙasar da kakanninsa suka baro fiye da shekara ɗari, tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Ruwansa kuwa babba ne. Sudan ma ranar na nan tafe da za ta zauna ta tambayi kanta yadda za ta sake haɗa matasan da yaƙi ya raba, kuma a irin wannan zama ba a rasa wanda zai kawo shawarar babban bikin wasanni. Shawarar mai kyau ce. Sai dai shekara hamsin da ɗoriya na bikin Najeriya sun nuna cewa amfanin irin wannan gasa yana cikin hanyar da yaro yake bi daga filin ƙauyensu har ya kai babban fili. Duk lokacin da aka gyara hanyar nan gasar ta yi albarka, duk lokacin da aka manta da ita sai a kashe kuɗi a tashi da hotuna kawai.

Yana da kyau a fara da dalilin kafa ta, domin ba don neman lambar zinariya kaɗai aka yi ba. An gwabza yaƙin daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, kuma Gowon ya fito da manufar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, tare da alkawarin sulhu da sake gini da farfaɗo da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Faɗar haka a rediyo abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce yadda za a sa saurayin Inugu da saurayin Kano su zauna wuri ɗaya ba tare da kowa ya tuna wanda aka kashe masa ba. Gwamnati ta ɓullo da dabaru biyu a shekara guda: a watan Mayun 1973 ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda yake tura mai digiri jihar da ba tasa ba, sannan ta kafa bikin wasanni, wanda yake ɗauko wanda ko sakandare bai gama ba ya kai shi garin da bai taɓa gani ba. Na biyun ya fi kai wa talaka. Ba Najeriya ce ta fara wannan tunani ba. Japan ta soma gasar wasanninta ta ƙasa a 1946, shekara guda bayan an ci ta a Yaƙin Duniya na Biyu, biranenta suna toka. Indunusiya ta yi tata ta farko a birnin Solo a 1948, tana tsakiyar faɗan ƙwatar 'yanci daga Holan. Da alama ƙasar da ta ga jini takan nemi wurin da 'ya'yanta za su kara da juna a ƙarƙashin alƙali, a tashi kowa da ransa.

Akwai wani abu a tsarin bikin da ba a cika lura da shi ba: da sunan jiha ake shiga, ba da sunan yanki ko ƙabila ba. A 1967 Gowon ya rushe manyan yankuna huɗu ya mai da su jihohi 12, kuma a lokacin yawancin jihohin suna ne kawai a takarda, mutane ba su saba jin kansu a cikinsu ba. Rigar wasa mai launin jiha, da tutar da ake ɗagawa a fareti, da jadawalin lambobin da jaridu suke bugawa kowace safiya, su ne suka fara sa wa sunayen nan nama. Bahaushe ɗan Kano ya ga ashe abokin hamayyarsa a tsere Bahaushe ne ɗan jihar Arewa maso Yamma, abokin ɗakinsa kuma mai yiwuwa ɗan Sabon Gari ne da aka haifa a Kano. Wannan ya amsa rabin ƙorafin masu cewa gasa tsakanin jihohi tana ƙara rarraba kan jama'a. Rarrabuwa iri-iri ce. Wadda ta bi layin jini da harshe ita ce mai kai wa ga makami. Wadda ta ratsa layin nan, ta sa ƙabila uku a riga ɗaya, tana rage masa kaifi. Wanda ya san abin da ya faru a wilayar Nil Azraƙ a Yuli da Oktoba na 2022, lokacin da rikici tsakanin Hausawa da maƙwabtansu ya ci rayuka ya raba dubban mutane da gidajensu, zai gane darajar ƙungiyar da za ta sa Bahaushe da Barta da Funj su nemi nasara guda da sunan Damazin.

To amma wa ya ci moriyar bikin a fagen wasa? Jihar Tsakiyar Yamma ce ta zo ta ɗaya a karon farko, kuma da aka sauya mata suna zuwa Bendel ta ci gaba da mamaye gasar shekara da shekaru. Ba ita ce mafi yawan jama'a ba. Abin da take da shi gwamna ne, Samuel Ogbemudia, wanda ya mulke ta daga 1967 zuwa 1975, ya gina filin wasa a Binin da sansanin horo a Afuze, ya kuma sa aka ɗauki wasannin makarantu da muhimmanci. Malamin motsa jiki a makarantar ƙauye ya san cewa idan ya ga yarinya mai gudu, akwai inda zai tura ta, kuma akwai wanda zai karɓe ta. An raba Bendel gida biyu a 1991, Edo da Delta, amma al'adar ba ta mutu ba, domin tun daga shekarar 2000 Delta ce take zuwa ta ɗaya a yawancin lokuta. Ese Brume misali ce ta kusa. A bikin Legas na 2012 ta ci tsallen nesa da sunan Delta tana budurwa ƙarama, bayan shekara biyu ta ci zinariya a wasannin Kwamanwel a Gilasgo, sannan ta samo tagulla a Olamfik na Tokiyo. Jihar Bayelsa ta bi wata hanyar mai kama da wannan: ta ɗauki kokawar gargajiya ta ƙauyukan Ijo ta haɗa da horon zamani a hannun Daniel Igali, ɗan jihar da ya ci wa Kanada zinariya a Sidni a 2000, har Blessing Oborududu ta kawo azurfa daga Tokiyo. A duk waɗannan, bikin matattara ce kawai. Aikin a ƙasa aka yi shi, a shekarun da babu kyamara.

Ɗaya gefen labarin ba shi da daɗi. An tsara a riƙa yin bikin duk bayan shekara biyu, aka kuma riƙe alkawarin da farko: Legas a 1973 da 1975, Kaduna a 1977, Ibadan a 1979, Binin a 1981. Da kuɗin mai ya ja baya sai giɓi ya fara shiga. Ba a sake haɗuwa ba sai a Ilori a 1985, kuma tsakanin bikin Bauchi na 1991 da na Makurɗi na 1996 shekara biyar aka yi shiru. Mafi muni shi ne bayan 2012, lokacin da aka ba Kuros Riba baƙuncin, aka yi ta ɗagawa Kalaba ba ta shirya ba, har sai da Abuja ta karɓa a 2018. Shekara shida a rayuwar ɗan tsere ba wasa ba ce. Yaron da yake da shekara 16 a 2012 ya kai 22 kafin a sake buɗe ƙofa, kuma a wannan tsakanin ya riga ya kama acaba ko ya tafi ci-rani. Dalilin ɗagawar kusan kullum ɗaya ne: an mai da karɓar baƙunci gasar gine-gine, sai an yi sabon fili da wurin ninkaya da masauki, ga kwangila ga siyasa, alhali kuɗin da za a yi gasar ƙananan hukumomi da shi bai kai kashi kaɗan na wannan ba.

Cuta ta biyu ita ce sayen 'yan wasa. Da gwamnoni suka gane cewa jadawalin lambobi abin tutiya ne, sai wasu suka ga babu dalilin jiran shekara goma kafin yaron da aka raina ya girma, tunda ana iya ɗauko gwanin da wata jiha ta raina a ba shi alawus mai tsoka ya sa riga. Wannan daidai yake da manomin da ya sayo dawa a kasuwa ya cika rumbu, ya kira maƙwabta su zo su ga albarkar gonarsa. Lissafin yana fallasa kansa idan aka fita waje. A bikin Asaba na 2022 Delta mai masauki ta tara zinariya sama da 300 ita kaɗai, amma bayan shekara biyu Najeriya ta dawo daga Olamfik na Faris ko tagulla ɗaya babu, kamar yadda ta dawo daga Landan a 2012. Kada a ɗauka halin Najeriya ne kawai. A Japan ma, shekara da shekaru tun daga 1964, duk lardin da ya karɓi baƙunci shi yake cinye kofin, saboda ana ɗauko gwanaye daga wasu wurare a ba su aiki kafin gasar, har sai da lardin Koci ya ƙi bin wannan hanya a 2002. Wannan ya nuna cewa inda duk aka auna shugaba da yawan lambobi, zai nemi gajeriyar hanya, ko a Asaba ko a Japan.

Ƙasar Hausa fa? Kaduna ta karɓi bikin sau biyu, a 1977 da 2009, Bauchi ma sau biyu, a 1991 da 2000. Kano da Katsina da Sakkwato ba su taɓa karɓa ba, kuma jihohin Arewa ba su saba ganin saman jadawali ba. Inda suke ɗaga kai shi ne wasannin gargajiya, domin an shigar da dambe da kokawa da langa cikin bikin, tare da wasan ayo na Yarabawa. Wannan shigarwa ba ƙaramin abu ba ce. Ɗan damben da ya saba naɗe hannu guda da zare, ɗayan a buɗe yana kare fuska, makaɗi yana kiran kirarinsa har tsikar jikinsa ta tashi, yau ga shi ana auna nauyinsa a sikeli, likita yana duba shi, kuma idan ya kai abokin karawarsa ƙasa lambar da zai karɓa daidai take da ta mai tseren mita 100. Wasan da a da ake ce wa na mahauta ne ya zama wasan ƙasa. Langa kuwa, da yara suke yi a dandali da farin wata, kowa riƙe da ƙafa ɗaya a bayansa yana tsalle yana ture, ta samu alƙali da usur. Sai dai a nan ma gaskiyar farko ta sake fitowa. Ƙasar da kowane ƙauye yake da gwanin kokawa bayan girbi ba ta yi da kokawarta abin da Bayelsa ta yi da tata ba, domin babu wanda ya gina matakan da za su ɗauki gwanin daga dandali zuwa tabarmar horo.

Nijar ce ta fi nuna yadda ake gina matakan, ko da yake tata gasar wasa ɗaya ce. A 1975, shekara guda da hawan Seyni Kunce mulki, aka fara kokawar takobin ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Jihohin ƙasar takwas kowace tana kawo 'yan kokawa goma, masauki yana zagayawa daga jiha zuwa jiha, kuma kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya yi kaye a matakan ƙasa. Fili ne na yashi da buhuna a kewaye, ga makaɗa ga masu kirari, ba wurin ninkaya ba ɗakin sanyi. Amma a kwanakin gasar kasuwa takan yi sanyi a Damagaram da Dosso, kowa yana gindin rediyo ko talabijin, Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu. Nijar ta fi Najeriya talauci nesa ba kusa ba, amma da wuya a ce bikin Najeriya mai wasanni barkatai ya taɓa kama zuciyar jama'a kamar haka.

Sudan ba baƙuwar wannan fage ba ce, kuma tarihinta yana ɗauke da gargaɗi da kuma abin ginawa a kai. A Hartum aka buga Kofin Afirka na farko a 1957, Sudan tana cikin ƙasashen da suka kafa hukumar ƙwallon nahiyar, kuma a 1970 ta ci kofin a gida bayan ta doke Gana da ci ɗaya. Gargaɗin ya zo a 1976, lokacin da Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe kulob-kulob, har da Hilal da Marrikh, da sunan mayar da wasa hannun talakawa. Manufar tana da daɗin ji, amma umarni ne daga sama wanda ya rusa abin da jama'a suka gina da hannunsu, gwanaye suka watse zuwa ƙasashen Larabawa, kuma ba a daɗe ba aka janye shi bayan ɓarnar ta riga ta auku. Abin ginawa a kai kuwa shi ne Daura Madrasiyya, gasar makarantu ta ƙasa da take haɗa wasanni da waƙa da wasan kwaikwayo, tana zagaya wilayoyi. Kasala ta karɓe ta a 2017, Niyala a 2018. Tsarinta shi ne ainihin abin da ake nema, domin daga makaranta ake farawa, a je mahalliya, a je wilaya, kafin a kai matakin ƙasa. Rauninta shi ne tana barin yaron da ba ya makarantar boko: almajirin khalwa, da ɗan masunci a bakin kogi, da wanda yake yankan riɗi a gonakin Dali da Mazmum. Irin waɗannan yara suna da yawa a ƙauyukan Hausawa, kuma su ne suke buga dafuri ba takalmi da la'asar har duhu ya hana ganin ƙwallo.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na mai cewa wannan duk zancen wanda ya ƙoshi ne. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ci Madani a Disambar shekarar, ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kuma ko bayan da sojojin gwamnati suka sake karɓe garuruwan biyu, abin da mutane suke nema shi ne iri da magani da makaranta mai rufi. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a gina katafaren fili kafin asibiti bai san ciwon jama'a ba. Amma wannan ƙorafi yana kashe irin bikin Kalaba ne, ba irin na Tawa ba. Gasar mahalliya ba ta buƙatar fiye da fili da aka share, da farar ƙasa a ja layi, da alƙali, da motar da za ta kai yaran Abu Hujar Sinja ta dawo da su. Kuma akwai hasarar da ba a sa ta a lissafi: saurayin da ya shekara biyu yana ganin cewa mai bindiga ne kaɗai ake jin maganarsa yana buƙatar wani wurin da za a kira sunansa a tafa masa. In ba a ba shi ba, akwai masu ba shi nasu. Sudanawa sun ɗanɗana ƙarfin abin a tsakiyar yaƙin nan, lokacin da ƙungiyar ƙasa a hannun Kwesi Appiah ta doke Gana da ci biyu a Libiya a Oktoban 2024, ta kuma samu gurbin Kofin Afirka ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba.

Wani zai ce to ƙwallo ta isa mana, me ya kawo tarkacen wasanni? Amsar tana cikin tarihin Sudan ɗin kanta. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu ba daga ƙwallo ta zo ba, daga ƙafar Isma'il Ahmad Isma'il ta zo, azurfa a tseren mita 800 a Bejin a 2008, kuma a shekarar ne Abubakar Kaki ya zama zakaran duniya na wannan tsere a rufaffen fili. Ƙwallo tana ɗaukar mutum goma sha ɗaya, kusan kullum maza, kuma idon masu neman gwanaye a Umdurman yake. Gasa mai wasanni da yawa tana buɗe ƙofa ga dogon yaron da bai iya yanka ba amma ba a kama shi a gudu, da yarinyar da ta iya ƙwallon raga, da ɗan kokawar duwatsun Nuba da ya saba cika fili a Haj Yusuf, da ɗan masuncin Nil Azraƙ da ya iya iyo da tuƙa kwalekwale tun kafin ya iya karatu. Ita ce kuma hanya ɗaya da wasan wata al'umma zai zama na ƙasa baki ɗaya, yadda dambe ya zama a Najeriya. Ga Hausawan Sudan, waɗanda har yau ake samun mai tambayar ko su 'yan ƙasa ne bayan zuriya huɗu ko biyar a bakin kogin nan, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saura mai cewa ai bikin bai haɗa kan Najeriya ba, tunda bayan 1973 an sha rikicin addini da na ƙabila, kuma har yau akwai masu kiran a raba ƙasa. Haka ne, kuma kuskuren masu jawabin buɗe taro ne da suke ɗora wa mako biyu na guje-guje nauyin da adalci da tsaro da rabon arziki ne kaɗai za su iya ɗauka. Abin da gasa take iyawa ƙarami ne amma tabbatacce: dubban matasa su yi tafiya, su ci abincin da ba su saba ba, su sha kaye a hannun baƙo su miƙa masa hannu, su dawo gida suna da lambar wayar wani a wata jiha. Yawan waɗanda wannan zai shafa ya dogara ne da yawan matakan da ke ƙasa. Idan daga ofishin gwamna aka zaɓi tawaga, mutum ɗari biyu ne suka amfana. Idan sai da aka yi zagayen unguwanni da ƙauyuka da mahalliyoyi, to kowace riga ɗaya da ta isa babban fili akwai ɗaruruwan yara da suka yi takarar ta, da iyayen da suka zo kallo, da ƙauyuka biyu masu tsamin dangantaka da suka amince da alƙali guda. Najeriya ma ta gane giɓin, shi ya sa a 2013 ta ƙirƙiro wata gasar dabam ta ƙananan yara, wadda ta daɗe ana yi a Ilori kafin ta koma Asaba, yayin da babban bikin ya sake makara: na 2024 sai a watan Mayun 2025 aka yi shi a Abekuta.